Muhammadu Rumfa

Muhammadu Rumfa, ko Muhammadu ɗan Yakubu, shi ne Sarkin Kano na ashirin a jerin sarakunan da suka faro daga Bagauda. Ya yi mulki daga shekarar 1463 zuwa 1499 Miladiyya, wato 867 zuwa 904 Hijiriyya. Ana lissafa shi cikin manyan sarakunan ƙasar Hausa saboda sauye-sauyen da ya kawo a harkar mulki da kasuwanci da addini. Shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwar birni, ya kuma kafa majalisar da aka sani da Tara ta Kano. A zamaninsa ne malamin nan Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya zo Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Masana tarihi suna ɗaukar mulkinsa a matsayin lokacin da ƙarfin iko ya tattaru a fada, bayan da can yana rarrabe a hannun manyan gidajen sarauta.

Inda aka samo labarinsa

Mafi yawan abin da ake faɗa game da Rumfa ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda sunansa na Larabci shi ne Tarikh Arbab Hadha al-Balad al-Musamma Kano. Littafin ya jero sarakunan Kano ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, shi ne kuma ya lissafo shekarun mulkin sarakunan da ake amfani da su yau. Akwai fassararsa ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya ba Rumfa shekara 37 a kan gado, lissafin watan Musulunci ke nan, wanda ya zo daidai da shekara 36 ta Miladiyya.

Ban da wannan akwai rubuce-rubucen al-Maghili da kansa, da wani ɗan littafi mai suna Asl al-Wangariyyin da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, sai kuma labaran baka na fada da na unguwannin birni.

Suna da asali

Mahaifinsa shi ne Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463), ɗan Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452). Mahaifiyarsa Faɗimatu mutuniyar Rano ce. A fassarar Palmer an rubuta laƙabinsa Rimfa, amma Rumfa ne ya zauna a bakin mutane. Daga wannan laƙabi aka samo sunan Rumfawa, wanda ake kiran sarakunan da suka biyo bayansa da shi, kamar yadda ake kiran na farko Bagaudawa, na baya kuma Kutumbawa.

Labarin baka ya ce ya riƙe sarautar Makama tun yana ɗan sarki, kuma dominsa aka gina Gidan Makama, inda ya zauna kafin a gama sabuwar fada.

Kano kafin hawansa

Rumfa ya gaji birni mai bunƙasa. Tun zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali da addinin Musulunci. A zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438) wani babban ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci ya zo da jama'arsa ya zauna, har ya yi ƙarfi a cikin gari. Abdullahi Burja ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro da ke arewacin Gana ta yau, kuma a lokacinsa Galadima Dauda ya riƙa kai hari kudu yana kamo bayi, yana kafa musu garuruwa. A zamanin Yakubu Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, gishirin Azbin ya wadata, Barebari da Larabawa suka ƙaru.

Wannan arziki ya zo da nasa nauyin. Baƙi masu dukiya da ilimi sun yi yawa, hakimai irin su Galadima suna da bayi da dawaki na kansu, ga kuma tsofaffin gidajen da ke riƙe da tsafin gargajiya a kewayen Dala. Sarkin da bai sami hanyar haɗa kan waɗannan duka a ƙarƙashinsa ba, sarautarsa sai ta zama ta suna. Yawancin ayyukan Rumfa amsa ce ga wannan matsala.

Maƙwabta ma suna cikin irin wannan sauyi a lokacin. Sonni Ali (1464 zuwa 1492) yana faɗaɗa daular Songhai a yamma, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a Barno, a Katsina kuma gidan Muhammadu Korau ne ke mulki.

Fada, ganuwa da kasuwa

Tarihin Kano ya ce Rumfa ya ƙago abubuwa goma sha biyu, na farkonsu shi ne gina fada. Sarakunan da suka gabace shi suna zaune ne a tsohon gari kusa da Dutsen Dala. Shi kuwa sai ya zaɓi fili a kudu, ya gina gida mai faɗi wanda aka kewaye da katanga, da soraye da zauruka da ɓangaren mata da wuraren bayi da dawaki. Shekara ta biyu ya ja ganuwa domin ta rufe sabon wurin. Aikin ya tashi daga Ƙofar Dagaci zuwa Ƙofar Mata, ya kuma haɗa daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Kansakali. A shekara ta uku ya tare a gidan. Ganuwar da ya ƙara wa faɗi ita ce wadda Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12.

Ƙaurar ta raba sarki da tsofaffin unguwanni da masu faɗa a ji a cikinsu. A sabon gida shi ke zaɓen wanda zai zauna kusa da shi, shi ke sa wanda zai tsare ƙofa.

Bayan fada sai kasuwa. Ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin rafin Jakara, tsakanin tsohon gari da sabuwar fada. Sunan ya samo asali daga kurmin itatuwa da ke wurin, wanda mutanen farko suke girmamawa a addininsu na gargajiya. Tara ciniki a wuri ɗaya ya sauƙaƙa wa fada kula da baƙi da awo da karɓar haraji. Kurmi ta zama mahaɗar fataken Sahara masu kawo gishiri, dawaki, takarda da kayan Arewacin Afirka, da fataken Gwanja masu kawo goro. Daga Kano kuma ana fita da tufafin saƙi da rini, da kayan fata, da bayi. Hanyar goron nan ta daɗe tana aiki. A ƙarni na 19 ayarin Kano suna ratsa ƙasar Zamfara, garin Gummi ya zama ɗaya daga manyan zangunansu kafin su ƙetare Kwara.

Tsarin mulki

Rumfa ya kafa Tara ta Kano, majalisar manyan masu sarauta tara da ke ba sarki shawara a kan yaƙi da sauran al'amuran ƙasa. Cikin waɗanda aka fi ambata a majalisar akwai Galadima, Madaki, Wambai, Makama da Sarkin Bai. Majalisar ta haɗa 'ya'yan sarauta da manyan mayaƙa da bayin sarki wuri ɗaya, ta yadda ba wani ɓangare da zai rinjayi sauran. Daga baya ta sami ƙarfi ƙwarai wajen naɗa sarki da tuɓe shi.

Babban abin da ya fi canza fasalin mulki shi ne ba babanni sarauta. Babanni bayi ne da aka dandaƙe, ba su haihuwa, ba su kuma da dangi a gari. Tarihin Kano ya ce Rumfa ne ya fara ɗora su a kan muƙaman ƙasa, ya lissafa sarautu kamar Ɗan Kusuba, Ɗan Jigawa, Ɗan Tarbana, Sarkin Gabas, Sarkin Tudu, Sarkin Ruwa, Ma'aji, Sarkin Bai da Sarkin Ƙofa. Wasu huɗu da suka rage ba sarauta ya sa su kula da taskar sarki, ɗaya daga cikinsu shi ne Turaki. Dalilin a fili yake. Ɗan sarki ko babban hakimi yana iya tara dukiya ya nemi gado, ko ya bar wa ɗansa muƙami. Baba kuwa ba shi da magaji, ba shi da madogara sai ubangijinsa. Da haka dukiyar ƙasa da ƙofofin fada suka koma hannun mutanen da sarki kaɗai suke yi wa biyayya. Irin wannan tsari ya kasance a fadar Barno da ta Songhai da sauran daulolin Musulmi na wancan zamani.

Kayan sarauta

Abubuwa da yawa da ake gani a hawan sarki yau ana danganta farkonsu ga Rumfa. Akwai kakaki, doguwar ƙahon ƙarfe da ake busa wa sarki. Akwai figini, wato mafici na gashin jimina da ake yi masa fifita da shi, da takalman gashin jimina. Akwai dawakin zage, waɗanda ake ja ba mahayi a gaban sarki domin ya sauya idan na ƙarƙashinsa ya gaji ko ya ji rauni. An ce a yaƙin Katsina ya fara amfani da su. Waɗannan kaya sun bambanta sarki da kowane hakimi, duk wanda ya ji kakaki ya san wanda ke tafe. Maroƙan zamaninsa sun riƙa kamanta shi da sarakunan Larabawa saboda wannan ƙasaita.

Zuwan al-Maghili

Al-Maghili mutumin Tilimsan ne a ƙasar Aljeriya ta yau, malamin fiƙihu a mazhabar Malikiyya. Ya zauna a Tuwat cikin Sahara, inda ya yi kaurin suna wajen tsananta wa Yahudawan Tamantit, har aka rushe wurin ibadarsu a kan fatawarsa, abin da wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa a kai. Daga nan ya biyo ta Azbin, ya zo Kano da Katsina wajen 1492, sannan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu. Ya koma Tuwat ya rasu a can a farkon ƙarni na 16.

Tarihin Kano ya ba da labarin zuwan Sharifai a zamanin Rumfa da littattafai masu yawa. Ya kira shugabansu Abdurrahman a wani wuri, Abdulkarim a wani wuri, masana kuma sun tafi a kan cewa al-Maghili ake nufi. Shi ya umarci sarki ya gina masallacin Juma'a, ya sare itaciyar da ake tsafi a gindinta, ya gina hasumiya a gurbinta. A zamanin ne kuma aka fara sallar Idi a Kano, a Shadakoko. Da zai tafi ya bar Sidi Fari a madadinsa. Unguwar Sharifai tana nan a cikin birni, shugabanta kuma har yanzu ana kiransa Sidi Fari.

Ba shi kaɗai ne malamin da ya zo ba. Ahmad bin Umar Aƙit na Tumbuktu, kakan Ahmad Baba, ya koyar a Kano bayan dawowarsa daga hajji. Asl al-Wangariyyin ma ya sa zuwan Abdurrahman Zaite da jama'arsa Wangarawa a zamanin Rumfa, saɓanin Tarihin Kano da ya kai shi zamanin Yaji.

Littafin da al-Maghili ya rubuta wa sarki ana kiransa Taj al-Din fi ma Yajib ala al-Muluk. Yana da babi takwas: kyautata niyya a mulki, kyautata kama da ɗabi'a, tsara ma'aikatan ƙasa, yin hattara a gida da tafiya, binciken al'amura, adalci a shari'a, tara dukiya ta hanyar halal, da yadda za a kashe ta. Ya lissafa ma'aikatan da sarki ke bukata, kamar waziri, alƙalai, magatakarda, masu lissafin dukiya, manzanni da masu kula da kasuwa. Ya nemi sarki ya riƙa zama kullum a inda mata da yara da raunana za su iya kai kuka gare shi, ya kuma sa ido a kan ma'aikatansa kada su ci dukiyar talakawa. Gargaɗin da ya fi nanatawa a littafin shi ne cewa ɓuyan sarki daga talakawansa shi ne tushen kowace ɓarna.

Akwai kuma wata gajeriyar wasiƙa da ya rubuta masa a 897 Hijiriyya, wato 1491 zuwa 1492, a kan yadda mai mulki zai hana mutane aikata haram, kamar tauye mudu da shan giya da bayyana tsafi a bainar jama'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo ta a littafinsa Tanbih al-Ikhwan. Shi da ƙanensa Abdullahi sun dogara ƙwarai da rubuce-rubucen al-Maghili, don haka nasihar da aka yi wa sarkin Haɓe a ƙarni na 15 ta zama hujja a hannun masu jihadin da suka kawar da sarautar Haɓe bayan shekara ɗari uku.

Kulle, kame da bayi

Cikin abubuwa goma sha biyun akwai waɗanda talakawa da bayi ne suka ɗauki nauyinsu. Tarihin Kano ya ce Rumfa ne ya fara kame, wato ɗaukar mutum ko dukiya da ƙarfi domin fada. Ya sa wani bafadensa ya riƙa zagaya gidajen Indabawa, mazauna garuruwan bayin sarki, yana ɗauko masa 'yan mata 'yan fari. Littafin ya ce shi ne sarkin farko da ya tara mata dubu, kuma shi ya fara kulle. Tun da shari'a ba ta yarda da aure fiye da huɗu ba, yawancin matan nan ƙwaraƙwarai ne.

Binciken da Heidi Nast ta yi a fadar Kano, wanda aka buga a 2005, ya nuna cewa matan cikin gida suna da aiki a tafiyar da ƙasa. Manyan ƙwaraƙwarai ne ke kula da hatsin da ake kawowa fada daga karkara, su auna, su adana, su raba. Tun da an ɗauko su ne daga garuruwa daban-daban, sun zama hanyar da sarki ke sanin halin ƙasarsa. Duk da haka ba da son ransu suka shigo ba, iyayensu ma ba a nemi yardarsu ba. Haka babanni, muƙamin da suka samu ya biyo bayan abin da aka yi wa jikinsu ne.

A nan ne ake ganin saɓani tsakanin ɓangarori biyu na mulkinsa. Sarkin da aka yi wa nasiha kada ya ɓuya wa talakawa shi ne ya gina katanga da zauruka da masu tsaron ƙofa tsakaninsa da su. Malamin da ya ce a tara dukiya ta halal ya rubuta wa fadar da aka san ta da kame. Irin waɗannan al'adu na ƙwace da tara mata suna cikin abubuwan da malaman jihadi suka soki sarakunan Hausa a kansu daga baya.

Yaƙi da Katsina

A zamanin Rumfa aka yi yaƙin farko tsakanin Kano da Katsina. Tarihin Kano ya ce an shekara 11 ana yi, ba wanda ya ci wani. Biranen biyu suna takara ne a kan fataken Sahara da ke saukowa ta Agadas, domin duk inda ayari ya sauke kaya, nan riba da haraji suke. Gabar da aka fara a lokacin ta ci gaba, ana yi ana hutawa, har tsakiyar ƙarni na 17.

Iyali da magada

Sananniya cikin matansa ita ce Madaki Auwa. Wasu ruwayoyi suna cewa 'yar Askiya Muhammadu ce ta Songhai. Ita ce mahaifiyar Abdullahi, wanda ya gaji Rumfa bayan rasuwarsa a 1499, ya yi mulki zuwa 1509. Lokacin da Abdullahi yake wajen yaƙi, Dagaci ya shirya tawaye a cikin birni, tasirin Auwa ne ya hana abin ya yi nisa. Daga baya Abdullahi ya tuɓe Dagaci ya ba wani bawansa sarautar, abin da ya nuna hanyar da mahaifinsa ya shata ta kama. Auwa ta ci gaba da faɗa a ji a zamanin jikanta Muhammadu Kisoki (1509 zuwa 1565), lokacin da Kano ta kai matuƙar ƙarfinta a wancan ƙarni. Wani ɗan Rumfa da Auwa, Abubakar Kado, ya hau gado a 1565, aka san shi da son karatu da malamai.

Abin da ya bari

Gidan Rumfa shi ne fadar sarakunan Kano har yau. Da jihadi ya kawar da Sarki Muhammadu Alwali a farkon ƙarni na 19, sarakunan Fulani sun shiga gidan. Tun daga zamanin Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) aka maido da yawancin sarautu da al'adun fada na da, har da ba bayin sarki manyan muƙamai. Turawan Ingila da suka ci Kano a 1903 su ma ta wannan fada suka tafiyar da mulkinsu.

Kasuwar Kurmi tana ci, an fi saninta yanzu da kayan fata, tufafin gargajiya, kayan doki, turare da littattafan addini. Babban masallacin Juma'a yana jikin fada, ko da yake ginin da ke tsaye yanzu na tsakiyar ƙarni na 20 ne. Gidan Makama ya zama gidan adana kayan tarihi. Kwalejin Rumfa, ɗaya daga tsofaffin makarantun sakandare na Kano, sunansa ta ci. A 2007 Najeriya ta gabatar da ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita, har da fada da Kurmi da Dala, a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2024 hukumar ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun da ɗan Adam ya gada. Ganuwar kuwa ta zube a wurare da yawa saboda ruwan sama da ɗibar ƙasa da gine-gine, amma Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kansakali suna nan da sunayensu.